Sharhi a kan Ma'ana da Fassarar Kalmar "Sabaton"

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin fassara da ke karanta tarihin yaƙe-yaƙen Turai na da yakan ci karo da sunayen kayan yaƙi waɗanda ba su da takwara a Hausa. Daga cikinsu akwai "sabaton" a Ingilishi, abin da Faransanci ke kira "soleret". Fassarar da ta fi saurin zuwa baki ita ce "takalmin ƙarfe". Wannan takarda za ta nuna cewa fassarar ta bi asalin kalmar ne, ta bar abin da kalmar ke nufi.

2.0 Asalin Kalmar

Ingilishi ya aro kalmar a ƙarni na 14. Masana asalin kalmomi sun danganta ta da tsohon harshen Okisitan na kudancin Faransa, inda "sabata" ke nufin takalmi. Danginta su ne "savate" a Faransanci, da "zapato" a Sifaniyanci, da "ciabatta" a Italiyanci. Ita ma "soleret" tushensu ɗaya da "soulier", wato takalmi. Ke nan mai cewa "takalmin ƙarfe" yana da hujja ta fuskar asali. Sai dai asalin kalma daban, ma'anar da masu harshe suka ba ta daban.

3.0 Abin da Kalmar ke Nufi

Sabaton shi ne ɓangaren kayan yaƙin barde da ke rufe bayan ƙafa, tun daga idon sawu har zuwa yatsu. Maƙera kan jera fallayen ƙarfe, wani bisa wani, su haɗa su da ƙusoshi domin ƙafa ta iya lanƙwasawa. Galibi ba shi da tafi. A kan takalmin fata ake ɗora shi, a ɗaure. Amfaninsa ga mahayi ne, saboda ƙafar da ke cikin likkafa ita ta fi kusa da makamin dakaren da ke ƙasa. Ana ganin irinsa a gunkin kabarin Yarima Edward na Ingila, wanda ya rasu a 1376, a majami'ar Kantabiri.

Siffarsa ta riƙa bin yayin takalman zamani. A ƙarni na 14 da na 15 an yi shi da dogon tsini. Marubutan tarihin Suwizalan sun ruwaito cewa a yaƙin Sempach na 1386, da baraden Leopold na III na Ostiriya suka sauka daga dawakai, sai da suka sare tsinin takalmansu kafin su iya taka ƙasa sosai. A farkon ƙarni na 16 kuwa yayi ya juya, aka koma ƙera shi da faffaɗan baki kamar na agwagwa.

4.0 Matsalar Fassara

Ga Bahaushe, takalmi abu ne da ake takawa, kuma tafin ƙafa yake karewa daga ƙaya da zafin ƙasa. Fade ma, duk da ƙarancin rufinsa, takalmi ne domin yana da tafi. Don haka wanda ya karanta "takalmin ƙarfe" zai zaci barden yana tafiya ne a kan ƙarfe, alhali fata yake takawa, ƙarfen yana sama.

Mafita ta biyu ita ce "sulken ƙafa". Wannan ta fi dacewa, domin ta sa abin cikin dangin kayan kariya da Hausa ta sani, irin su lifidi da kwalkwali da garkuwa. Amma ita ma tana da rauni biyu. Na farko, sulke a ainihinsa rigar zobban ƙarfe ce, ba fallaye ba, ko da yake ma'anarsa ta faɗaɗa a yau. Na biyu, "ƙafa" a Hausa ta haɗa tun daga cinya har yatsu, ga shi kuwa Turawa sun ba marufin ƙwauri da na gwiwa da na cinya sunaye daban-daban. Idan nassi ya jero su, "sulken ƙafa" zai haɗiye su duka.

Aron kalmar yadda take bai warware komai ba, tunda ba ta tuna wa mai karatun Hausa wani abu. Ƙari a kan haka, wanda ya neme ta a intanet zai fi cin karo da ƙungiyar mawaƙan Sabaton, wadda aka kafa a garin Falun na Suwidin a 1999.

5.0 Kammalawa

Abin da ya fi kusa da ma'anar shi ne "sulken bayan ƙafa". Ya ɗan yi tsawo, amma ya faɗi aikin abin da kuma gurbinsa a jiki, ya kuma buɗe hanyar cewa "sulken ƙwauri" da "sulken gwiwa". A rubutun hira, inda ba a jero sauran sassan ba, "sulken ƙafa" ya wadatar. Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne, kafin ya fassara sunan wani abu na baƙuwar al'ada, ya fara neman sanin siffarsa da yadda ake amfani da shi, sannan ya duba asalin sunan.