TALAKA KO MISKINI? TARKEN TUNANIN JEAN-MARC ELA

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi littattafai biyu na Jean-Marc Ela (1936-2008), limamin Katolika ɗan Kamaru, wato Le Cri de l'homme africain (1980) da Ma foi d'Africain (1985). Manufar ita ce a nuna wa ɗalibai yadda fassarar kalma guda kan iya gyara ko ɓata fahimtar marubuci. Kalmar ita ce pauvre ta Faransanci.

2.0 Tushen Muhawarar

Ba a fahimtar Ela sai an koma New Bell, unguwar baƙi ta Duwala, inda Hausawa 'yan kasuwa suke zaune tare da Basa da Bamileke. A Afrilun 1955 shugabannin cocin Katolika na Kamaru suka fitar da wasiƙa suna gargaɗin mabiyansu game da jam'iyyar UPC, bisa zargin alaƙa da kwaminisanci. A watan Mayu rikici ya ɓarke a New Bell, a Yuli kuma Faransa ta haramta jam'iyyar. Wato a lokacin, mai kukan zalunci yana iya wayar gari an laƙaba masa gurguzu.

Sai dai a unguwar ce kuma Simon Mpeke, wanda aka fi sani da Baba Simon, ya yi limanci kafin ya koma Tokombere a 1959, ya zauna cikin manoman duwatsun arewa. Can Ela ya same shi, ya kuma shafe fiye da shekara goma. Daga wannan zama littattafan suka tsiro.

3.0 Tarke

Jigon Ela shi ne cewa ciyar da mayunwaci bai wadatar ba muddin coci ba ta tambayi abin da ya sa rumbunsa ya zama wayam ba. Ya kawo misalin manomin da aka karkatar zuwa noman auduga, hatsi ya yi masa ƙaranci. Ya karanta labarin fitowar Bani Isra'ila daga Masar a matsayin shaidar cewa Ubangiji yana tare da wanda aka danne.

A nan ne mai fassara zai yi hattara. Miskini da fakiri kalmomi ne na babin zakka da sadaka. Mai jin su tausayi yake ji. Matalauci kuwa rashin dukiya kawai take nunawa. Amma talaka kishiyar basarake ce: shi ne wanda ake mulka, wanda haraji da jangali suke hawa kansa, ko da yana da abin hannu. Da wannan ma'ana NEPU ta yi amfani da kalmar a Kano tun 1950. Mutumin da Ela yake magana a kansa talaka ne, domin abin da yake nema masa adalci ne, ba sadaka ba. Duk wanda ya fassara shi da miskini ya mayar da littafin wa'azin kyauta, ya zare masa ƙashin baya.

Ta fuskar rauni, an rubuta littattafan da Faransancin masana, aka buga su a Paris. Manomin Tokombere da ɗan dakon New Bell, waɗanda ake kukan dominsu, ba su ne masu karatunsu ba. Haka nan ƙarfin Ela ya fi bayyana wajen gano ciwo fiye da tsara magani.

4.0 Kammalawa

Ela ya ƙi yarda a raba imani da batun abinci da mulki, ya kuma biya kuɗin wannan matsayi: a 1995, bayan kisan Fada Engelbert Mveng, ya yi hijira zuwa Kanada, inda ya rasu. Ana buƙatar ɗalibai su gwada kalmomin nan huɗu cikin jimla guda, su bayyana wanda kowace take ɗora wa alhaki.