Sallar Sabon Gida a Katsina

Tun azumi bai kai goma ba teloli a Katsina suke daina karɓar ɗinki, kuma a 'yan shekarun nan wani irin aiki ne ya fi cika masu shago. Maigida zai shigo da shadda launi ɗaya, a yanka mashi kaftani, a fitar wa yara maza nasu, sauran a ɗinka wa uwargida da 'yan mata. Ankon da muka sani na biki ne, na ƙawayen amarya da dangin ango. Yanzu ya shigo cikin gida ya zama ankon Sallah na miji da mata da 'ya'yansu. Ana saukowa daga Idi sai ɗakin hoto, ko a kira mai hoto har falo. Kafin azahar hoton ya hau WhatsApp da Instagram, da yamma kuma a zuba yara a mota a kai su wurin wasa. Haka Sallah take tafiya a gidajen matasa da yawa a Barhim da Sabuwar Unguwa da sauran unguwannin da suka tsiro bayan ganuwa.

Ba na cikin masu yi wa wannan abu tsaki, don na san daga inda ya fito. A da amarya babban gida ake kai ta, kuma ba ta da abin da za ta ƙirƙiro ranar Sallah. Uwar miji ta riga ta san wa zai tuƙa tuwon shinkafa, wa zai yi miyar taushe, gida nawa za a kai wa kwano. Yau ango da amarya su biyu ne a gidan haya, Sallarsu ta farko ta zo, gari ya waye ba hayaniyar kowa. Dole su nemi abin da za su ce nasu ne, kuma haƙƙinsu ne su nema. Gidan da bai da tasa al'adar, yaransa baƙi ne a duk Sallar da suka je.

Damuwata ɗaya ce. A wannan sabuwar Sallar yaro bai da aiki. Ana sa mashi kaya, a ce ya tsaya, a ce ya yi murmushi, a ɗauke shi a mota a maido shi. Duk abin da ya faru da kuɗi aka saya, kuma babba ne ya saya. To me zai riƙe ya kai gidansa in ya girma?

Ku tuna yadda ake fidda zakkar kono a daren Sallah. Uba ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jawo buhun gero ko masara, yaro ɗaya ya riƙe bakin buhun da ake zubawa. Mudun Annabi huɗu kowane mutum, kuma sai an ambaci sunan mai shi kafin a auna: wannan na Inna, wannan na Yaya, wannan na jaririn da aka haifa cikin azumi. Yaron da ke riƙe da buhu yana jiran a zo kan sunansa. Da asuba shi ake ɗora wa ƙullin a ka, a ce kai gidan wance kafin a tafi Idi, kada ka tsaya wasa. Yaron nan ya ji nauyin hatsin a wuyansa, ya ga fuskar tsohuwar da ta karɓa, ya ji addu'ar da ta yi. Yau maigida kan latsa waya ya tura kuɗi cikin dare, yara na barci. Hukuncin wannan na bar wa malamai, ni abin da nake gani shi ne ɗansa bai ma san an fidda mashi komai ba.

Haka rabon tuwo. Yarinya 'yar shekara bakwai da sabon lalle a hannu, kwano a kai an rufe da faifai, ta yi sallama ta durƙusa ta ce, “Inna ta ce a kawo, tana yi maku barka da Sallah.” A juye, a wanke kwanon, a zuba mata na gidan, a damƙa mata 'yan kuɗi a hannu. Kafin la'asar ta shiga gida biyar ko shida, daga Ƙofar Sauri zuwa Ƙofar Marusa, ta san wace ce Gwaggo, wane ne Kawu, wane gida ne ba dangi ba amma aminan kakanta ne. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take, ƙafar yaro ce ta fi yin wannan tafiyar.

Sai hawa, wanda a nan ne na fi jin ciwo. Garuruwa kaɗan ne suke da abin da muke da shi. Sarki ya taso daga Idi, hakimai da dawakansu a jere, 'yan lifida, dogarai, 'yan bindiga, kakaki da algaita, har a iso Ƙofar Soro a yi jahi a filin Kangiwa. Washegari Hawan Bariki, wanda ya samo asali tun zamanin Turawa, Sarki ya je ya gaisa da gwamna ya zagayo gari. Dattijon da ya kalli Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1981, shi ne ya ɗora ɗansa a wuya ya kalli Sarki Muhammadu Kabir Usman. Wannan ɗan ne ya kamata yau ya ɗora nasa ɗan ya ga Sarki Abdulmumini Kabir Usman, wanda ke kan karaga tun 2008. Fili ɗaya, fada ɗaya ta Gidan Korau, kuma ba a biyan ko sisi. A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake alfahari da su, mu kuma irin wannan abu yana bakin ƙofarmu, amma akwai yaran Katsina da ba su taɓa ganinsa ba sai a waya.

Na san dalilin iyaye, kuma dalili ne na gaskiya. Akwai cunkoso, akwai ɓatan yara, akwai 'yan ƙwacen waya. An yi shekarun da aka dakatar da hawan ma gaba ɗaya, saboda korona a 2020 da kuma matsalar tsaro, har wasu yaran suka wuce shekarun hawa wuya ba su gani ba. Ba wanda zai ce a saki ɗan shekara shida ya bi gari shi kaɗai kamar da. Amma maganin wannan uba ya tashi da kansa ya riƙe hannun ɗansa. Awa biyu ce a rana mai zafi, kuma ita ce awa biyun da yaron zai ba nasa 'ya'yan labari.

Akwai kuma maganar aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda shadda ta koma, ya san abin da ake faɗa wa mai neman rago a kasuwar Mai'aduwa ko Caranci. Gidan da ya ɗora Sallarsa kan anko, shekarar da ba kuɗi yara za su ɗauka ba a yi Sallah ba. Tsofaffin al'adunmu talaka ne ya gina su, shi ya sa suke jure wuya. A Babbar Sallah in rago ya gagara a shiga watanda, yaro ya je ya tsaya a raba kaso a gabansa, ya ɗauko na gidansu. In an samu ragon, shi zai riƙe ƙafa a yi fiɗa, ƙanwarsa ta zauna bakin kaskon suya. Uwa ta ɓoye jelar ragon ta busar har daren cika-ciki a watan Muharram, ta fito da ita ta dafa, yara su tuna da ragonsu bayan wata guda.

Abu na ƙarshe da nake so sababbin ma'aurata su zauna su yanke tun Sallar farko shi ne ina za a je, kuma yaushe. A gidaje da yawa ranar Idi ta gidan iyayen miji ce, wannan ba gardama. Amma gidan iyayen mata sai a bar shi “in an samu lokaci”, lokacin kuwa ba ya samuwa, musamman in matar 'yar Daura ce ko Funtuwa ko Maraɗi. Sai ka tarar da yara sun haddace dangin uba kaf, kawunnansu kuwa sai an gabatar da su. Matar nan ma da Sallarta ta zo: yadda uwarta ke yin dubulan, wa ake fara gaisarwa, in 'yar Daura ce Hawan Magajiya da ta tashi tana kallo. Maigida ya ware rana guda sananniya ta surukansa, ya shiga da kansa ya cire takalmi ya durƙusa ya gaida su yaransa na kallo. In garin da nisa, a raba, Ƙaramar Sallah a nan, Babba a can, kuma a faɗa wa iyayen ɓangarorin biyu tun da wuri don kada wani ya dafa tuwo yana jira.