Gyaran Tsohuwar Fijo: Kushin Ya Yi, Lasifika Ta Ɓata Aiki

Wani yayi ya shigo tsakanin samarinmu na Agege: a sayi tsohuwar Fijo 504, a kai ta wajen mai fenti, a sake mata kushin, sannan a cika but da lasifiku. Rabin aikin nan abin yabo ne. Ɗaya rabin kuwa ɓarna ce, kuma gara a faɗa tun da wuri.

Mu fara da motar kanta. A Faransa aka fitar da 504 a 1968, daga baya kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya riƙa haɗa ta a nan gida har cikin shekarun 2000. Ita ce ta yi jigilar iyayenmu tsakanin Legas da Kano. Wanda ya tashe ta daga kwance ya adana tarihi. Haka ma Volkswagen Bitil ɗin da aka haɗa a Ojo, wadda Yarabawa ke kira ijapa.

Aikin masu kushin ɗinmu ya burge ni. Ɗinki a miƙe, soso mai kauri, rufin sama an ja shi babu tattara. Ƙorafina ɗaya ne: yawancinsu leda suke sawa su ce fata ce. A zafin Legas leda tana ƙona baya, ba ta daɗewa kuma sai ta tsattsage. Mu da majemanmu na Kano da jar fatar akuyar Sakkwato suka yi suna har Turai, ina dalilin leda? In kuɗin fata bai kai ba, yadi mai kauri ya fi. Sannan kafin a shimfiɗa sabon kafet, a ɗaga tsohon a duba ƙasan motar. Damshin garin nan yana cin ƙarfe. Kafet a kan tsatsa kwalliya ce kawai, ranar da ƙafa ta burma za a gane.

Inda aka kauce hanya shi ne wajen kayan sauti. Yaro ya je Alaba ya sayo amfilifaya mai wat 1000. To, a yi lissafi. Batirin mota bolt 12 ne. Raba 1000 da 12, ka ga in an ƙure ta za ta ja sama da amfiya 80. Altanetar motar da aka ƙera don fitilu da ɗan rediyo ba ta da wannan ƙarfin. Shi ya sa fitila ke dishewa duk lokacin da ganga ta buga, da safe kuma a nemi masu turi. Mafi muni, wasu masu wayarin suna jan siririyar waya daga batir zuwa but ba tare da fiyus ba. Wayar ta yi zafi a ƙarƙashin sabon kafet, tankin fetur kuma yana can baya. Wannan ai wasa da rai ne.

Ga kuma yanke-yanke. A huda ƙofa, a yanka dashbod don a cusa rediyon zamani. Ku je Ladipo ku nemi dashbod ɗin 504 na asali mai lafiya, ku ji wahala. Darajar tsohuwar mota a kamanninta na asali take. Da ka yanka, ka rage mata kuɗi da hannunka.

Sai haƙƙin maƙwabta. Lungunanmu a matse suke, gida jikin gida. Akwai marar lafiya, akwai mai jego, akwai wanda ya kwana a bakin aiki a mayankar Oko-Oba. Hukumar LASEPA tana rufe wuraren ibada da otal-otal saboda hayaniya, balle motar da ke girgiza tagogin mutane da tsakar dare.

Shawarata ga mai wannan sha'awa: birki da wayarin da ƙasan mota tukuna, sannan kushin. Rediyo ƙarami a ɓoye shi ƙarƙashin dashbod ba tare da yanka ba, lasifika biyu ko huɗu matsakaita, waya mai kauri, fiyus kusa da batir. But kuma a bar shi ya ɗauki kaya, don abin da aka yi shi ke nan. Ku kuma iyaye da iyayen gida, in yaro ya zo neman kuɗin gyara, ku tambaye shi me zai sa a ciki.

Allah ya kiyaye hanya.