Tsiro, Tsami da Wutar Kasko: Nazari kan Hilu-mur a Ƙauyukan Jazira

Duk shekara idan Sha'aban ya kama, sai an jefi hilu-mur, abin shanmu na buɗe baki, da magana a ƙauyukanmu na Jazira a Sudan, kuma masu jifan 'ya'yan da aka raina da shi ne. Wasu samari da suka ɗan taɓa karatu cewa suke ƙanen marisa, giyar dawa, ne aka yi wa lulluɓi, tunda duk da tsiron dawa ake yin su, kuma duk sai ƙullu ya kwana. Masu kishin asali kuma suna cewa kayan Larabawa ne, Bahaushe kunu ya sani. Akwai masu ganin ɓata lokaci ne mace ta share mako biyu a kan abin sha alhali ga garin Tang a kanti. Waɗannan na ƙarshe ba sai an amsa musu ba. A ba su kofi ɗaya na kowanne da magariba a zafin Hasahisa, maƙogwaronsu ya yi hukunci.

Tarihin zamanmu a nan sananne ne. Alhazan ƙasa sun daɗe suna bi ta Borno da Wadai da Darfur, wasu su isa Makka, wasu guzuri ya ƙare su zauna. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kawo sauran jama'a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, a garin Mai Wurno da har yau yake amsa sunansa. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gandun audugar Jazira, kakanninmu suka bazu a matsugunan leburori da ake ce wa kambo, daga Wad Madani zuwa Hasahisa, daga baya har Managil. Sun tarar dawa ce abincin ƙasar, kamar gida. Suka ba da agashe da godo-godo, suka karɓi kisra, fallen gurasar dawa, da hilu-mur.

Aikin yana farawa tun Rajab. Dawar fatarita aka fi so, a raba ta gida biyu. Kashi ɗaya a jiƙa shi ya kwana, a tsane, a baza a kan jiƙaƙƙun buhuna a inuwa, a rufe, ana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku zuwa biyar ƙwayar ta fashe, saiwoyi su fito su sarƙe da juna. Ita ce zirri'a. A shanya ta har ta bushe ta yi ja, a murtsuke, a sheƙe, a niƙa.

Ƙwayar da ta fara tsiro takan samar da wani sinadari mai narkar da sitacin cikinta ya koma sukari, don ta ciyar da ɗan tsironta. Dabarar mace ita ce ta bar ƙwayar ta tara wannan sinadari, sannan ta tsayar da ita da zafin rana kafin tsiron ya cinye abin da aka tara. In ta yi gaggawa, zirri'ar ba ta da ƙarfi. In ta yi jinkiri, ganye ya fito, fumfuna ta shiga. Ga kuma abin da kowane makiyayi ya sani, gyauron dawa yana kashe dabba. Gubar nan tana cikin kan tsiro da saiwarsa, kuma shanya da murtsuka da tsami da wuta kowanne yana rage ta. Babu mataki ko ɗaya a nan da aka sa don ado.

Kashi na biyu garin dawa ne zalla. A dama shi a babbar tukunya ya dahu ya yi kauri, sai a sauke, a jira. Wannan jiran shi ne wurin da na fi ƙauna a sana'ar gaba ɗaya, kuma a nan ake gane gwana. Tafasa tana kashe sinadarin tsiro, sanyi kuma yana sa shi kasala. Tsakanin digiri 60 da 70 yake aiki da ƙarfinsa, tsohuwa kuwa da bayan hannunta take gane an iso wurin. Sai ta riƙa barbaɗa garin zirri'a tana tuƙawa, a gaban idonka abin da ɗazu muciya take tsayawa a cikinsa ya saki, ya zama ruwa-ruwa, ya yi zaƙi ba a sa masa ƙwayar sukari ko ɗaya ba. Shi ne kujan.

Me ya sa ba za a haɗa garin biyu tun farko a dafa tare ba? Saboda sitacin dawa ba ya kumbura sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko ya haura, kuma a wannan zafin sinadarin tsiro ya fara mutuwa. Sha'ir ɗin Turai ba shi da wannan matsala, sitacinsa yana sakin jiki da wuri, shi ya sa can jiƙo ɗaya yake isar su. Da gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988, manyan masana'antun giya da na lemon malta sai da suka zauna suka koyi halin dawa, kuma cikin abin da suka koya har da dafa sitaci daban kafin a haɗa shi da sinadarin da zai narkar da shi. Mata daga Sinnar har Sakkwato sun riga su sani da daɗewa.

Daga nan sai kayan ƙamshi: citta, kirfa, habbahan, kurunjal, hulba, kazbara, habbatus sauda, tsamiya, zoɓo, wasu har da dabino. Kowane gida da ma'auninsa. Ni ba na tare da masu cika zoɓo don a sami launi. Jan hilu-mur daga zirri'a da wuta ya kamata ya fito, kuma hulba in ta yi yawa takan danne kowa. A rufe ƙullun kwana ɗaya ko ɗaya da rabi. Ƙwayoyin halitta irin masu mayar da madara nono su ne suke kawo tsami. Yisti ma yana ciki, kuma gaskiya ne a wannan mataki ƙullun yakan ɗauki ɗan burbushin barasa, kamar yadda ƙullun burodi da na waina suke ɗauka.

Iyakar abin da mai suka zai riƙe ke nan, kuma ba ya kai shi ko'ina. Farfesa Hamid Dirar na Jami'ar Khartoum, a littafinsa na 1993 kan abincin Sudan masu tsami, ya bi marisa daki-daki. Ita ma ana tsamar da ƙullunta, ana gasa shi a kan wuta. Amma bayan gashin sai a bar shi ya huce, a mayar da shi ruwa, a ƙara masa sabon garin tsiro da ragowar tsohuwar marisa, a ba yisti lokaci ya cinye sukarin, sannan a tace a sha tana kumfa. A marisa wuta tana tsakiyar aiki, yisti ne yake rufewa. A hilu-mur wuta ce ta ƙarshe. Kayan aiki ɗaya ne, jerin matakan ne ya raba su, kuma wanda bai ga wannan ba bai taɓa zama kusa da kasko ba.

Ranar gashi, wadda ake kira uwasa, ana ɗora faffaɗan kaskon ƙarfe, saj, a kan itace, a shafe shi da ɗan mai ko ɓargo. Mai gashi ta kwarara ƙullu da kauri fiye da na kisra, ta kama shi da gargariba, ɗan silin kaban nan, tana kai shi tana dawo da shi, tana tattarawa tana sake bazawa, har ruwan ya tafi. Barasa a digiri 78 take tashi ta bi iska, kaskon kuwa ya wuce haka nesa, yisti da ƙwayoyin tsami duk a nan suke mutuwa. Sukarin da tsiro ya samar yana fara gasuwa, launi ya tashi daga ja ya nufi baƙi, ɗan ɗacin da ake nema ya shigo ya zauna a kan zaƙi da tsami. Tsakanin gashi da ƙuna numfashi kaɗan ne. In an ɗauke da wuri, falle ya yi danshi, ya yi fumfuna a ajiya, ɗanɗanonsa ya tsaya a tsami kawai. In an makara, ɗaci ya cinye sauran, ruwansa ya yi warin toka. Hanci ne ma'auni, da yadda gefen fallen yake sakin kasko da kansa. A naɗe shi taraga-taraga, a jera ya huce. Gayya ake yi, yau gidan wannan gobe gidan waccan, ga jabana, butar gahawa, tana zagayawa, 'yan mata suna kallo suna ɗauka. Ƙamshin da ke cika unguwa shi ne sanarwar azumi kafin a ga wata.

Malamanmu na zaure ba su bar wannan babi a duhu ba. Abin da ya haramta abin sha shi ne maye. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri ya bi, ta kawo hanin yin jiƙo a cikin duma da mazubin da aka shafe da kwalta, malamai suka ce saboda jiƙo yana saurin juyawa a cikinsu. Hadisin jiƙon da ake yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ba ya wuce kwana uku. Mazubi da lokaci ke nan shari'a take dubawa. Hilu-mur kuwa da rana ake jiƙa shi, a tace, a sa sukari, a sha da magariba. Shi ne a bokitan da mutanen ƙauyukan hanyar Khartoum zuwa Madani suke fitarwa kan tabarmi, suna tare motoci don matafiya su sauka su buɗe baki. Wanda ya toshe ragowarsa a jarka ya bar ta kwanaki a zafi, abin zai juya, haka ma zoɓo, haka ma ruwan rake. Ko a Satumbar 1983, da shugaba Numairi ya sa aka tuttular da barasa a Nilu aka farauci gidajen marisa, hanin bai shafi hilu-mur ba.

Sai batun ajiya. A Amurka, inda aka halatta dafa giya a gida a 1978, masu wannan sha'awa suna sayen gangar ƙarfe mai lita 19, da tukunyar gas mai tura ruwan, da famfo, da firjin da za a ajiye gangar. Duk wannan kaya yaƙi ɗaya yake yi: hana iska da zafi ɓata abin da aka dafa. Matan Jazira matsalarsu ke nan su ma, a ƙasar da ta fi zafi, sai suka cire ruwan gaba ɗaya. Abin shansu a kwali yake zama, ya yi watanni, ya shiga jaka ya tafi Jidda ko Alƙahira. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ya iso Jazira a Disamba, an ga wace ajiya ce take rayuwa idan babu lantarki.

Su kuma masu cewa ba namu ba ne, su leƙa yadda ake kunun zaƙi. A dafa kashi ɗaya na gasara, a bari ya sha iska, a zuba ɗanyen kashin da aka niƙa da dankali ko tsiron shinkafa, a rufe ya kwana, a tace. Kujan ne sak. Kakar da ta iso kambo daga Katsina ko Damagaram ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Mataki ɗaya kawai ta tarar wanda babu a gida, shi ne kasko.

Kuma wannan matakin nake so ya koma yamma. Mai kunun zaƙi a Kano ko Maraɗi kullum tsere take da rana. Abin da bai ƙare yau ba, gobe gorar roba ta kumbura, ya yi tsami, asara ce, kuma kuɗin ƙanƙara yana cin ribarta. Da za ta iya gasa ƙullunta falle-falle, da ta yi aikin wata guda a kwana biyu, ta sayar a bushe, ta aika har Legas. Wahalar a bayyane take: itace yana da tsada, hayaƙi yana cin ido, zaman kasko yana karya baya, shi ya sa ba a yin sa sai da gayya. Ƙullun kunun zaƙi kuma ya cika ruwa, sai an rage, kuma sai an ƙara tsiro sosai, domin sukarin tsiro ne yake gasuwa ya ba da launi da ɗanɗano. Da kaura zan so a fara gwadawa, rabi tsiro rabi gari. Matan da za su koyar suna nan a Mai Wurno da kambunan Hasahisa, kuma da Hausa za su yi bayani.