Jinjina ga masu turo saƙon lafiya ta waya

A lungunan unguwannin Yakasai da Jakara ba kowa ke da babbar waya ba, balle kuɗin data. Amma 'yar Nokia mai tocila tana nan, ƙulle a haɓar zani. Ta cikinta saƙonnin hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC suka riƙa shigowa lokacin kullen korona a 2020: a wanke hannu, a guji cunkoso. Na ga wata dattijuwa ta miƙa wa jikanta waya, ya karanta ya fassara mata, matan gida sun yi tsit a tsakar gida suna saurare. A garin da jita-jita ta tsayar da rigakafin shan-inna a 2003, wannan aiki ba ƙarami ba ne. Allah ya saka muku da alheri. Roƙona ɗaya: ku riƙa rubutowa da Hausa.