Motar Kara Ta Girma, Saura Ta Dubi Fadamar Rima

Da an gama girbin gero da dawa a ƙasar Kabi, kara ya bushe, yara kan samu aikin da babu wanda ya sa su. Daga Gulma har Argungu da unguwannin Birnin Kebbi, ba a rasa yaro zaune a gindin katanga da reza a hannu, yana feƙe ɓawon kara yana soka shi cikin totuwa, har mota ta fito da ƙofofinta da mazaunin direba. Wani waya yake lanƙwasawa, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya sa doguwar sitiyari da zai riƙa tuƙi a tsaye. Wani kuma gwangwanin madara da langa-langa sun ishe shi. Iyaye sun yi, kakanni ma sun yi. Sabon abu a 'yan shekarun nan shi ne masu yin ba sa bari idan sun girma, kuma wayar hannu ta samo musu 'yan kallo.

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya ci karo da su: saurayi ya ƙera tankar mai da kwano, ko katafila mai ɗaga hannu da ƙarfin ruwan da ke bi ta sirinji da robar ƙarin ruwa, ko rukunin gidaje na kwali mai fitilun batir a bakin titi. Jama'a su yi ta sa albarka, su yi ta kiran gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Wani lokaci kiran kan yi tasiri. A 2022 wani yaro ɗan shekara 13 a Maiduguri ya gina kwafin gadar sama ta Kwastam da laka, hotunan suka bazu, Gwamna Babagana Umara Zulum ya ba shi tallafin karatu.

An yi ta maganar tallafin, amma abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne zaɓin da yaron ya yi. Gadar garinsu ya gina, wadda idonsa ya gani, wadda duk ɗan Maiduguri zai iya duba kwafin ya ce nan ya yi daidai, nan kuma ya kauce. Da yawa daga cikin masu wannan fasaha a Arewa sun fi karkata ga dogayen benayen Dubai da jiragen yaƙin da ba su taɓa gani ba sai a fuskar waya. Hannu gare su, babu mai musu. Sai dai aikin da ba shi da asalin da za a gwada shi da shi yakan tsaya a ban mamaki na kwana biyu, mai shi kuma ba ya samun wanda zai gyara masa.

A nan ne masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa na Turai da Amurka suke da abin da za a ɗauka a wurinsu. Sha'awa ce ta manya, har da tsofaffi masu furfura, kuma ta haura shekara ɗari. Ƙungiyar masu yinta ta Landan tun 1910 aka kafa ta. Mutum zai ware ɗaki guda, ya shimfiɗa layin dogo a kan katako, ya gina tasha da kasuwa da duwatsu da gonaki, jirgi yana ratsawa da lantarki. Tun 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya fito da tsayayyun ma'aunai na faɗin layi, kuma yau ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda ake kira HO, inda ake rage kowane abu sau 87. A wannan lissafi, mutum mai matsakaicin tsayi bai wuce santimita 2 ba, faɗin layin kuwa milimita 16.5 ne. Saboda kowa ya yarda da awo ɗaya, taragon da aka yi a wata ƙasa zai hau layin da aka shimfiɗa a wata, kuma idan ƙofar gida ta fi ƙarfin bangonta nan take ido zai kama.

Mafi girman irin wannan aiki shi ne Miniatur Wunderland da ke Hambug, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, mai layin dogo fiye da kilomita 15 a cikin gini, har yau kuma ana ƙara masa sassa. Amma wanda ya fi dacewa da ƙasar Kabi ƙarami ne a kan wannan, yana wani ƙauye mai suna Long Wittenham a Ingila.

Wani mutumin Ostareliya, Roye England, ya isa Ingila a 1925 ya zauna a karkarar da ake kira Vale of White Horse. Ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu rufin ciyawa ana rushe su ko ana sauya musu kama, sai ya shiga bin su da abin awo da kyamara da littafi, yana rubuta tsawon bango, da launin ƙofa, da yadda rufi ya lotsa. A 1931 ya fara ƙera kwafin gida na farko da kwali. A 1954 aka kafa gidan adana aikin a Long Wittenham, wanda ake kira Pendon. Ya rasu a 1995 bai gama ba, 'yan sa kai suka ci gaba. Jirgin ƙasa na wucewa a cikin shimfiɗar, amma masu zuwa kallo sun fi daɗewa a kan gidaje da lambuna da hanyoyin ƙafa, domin karkarar shekarun 1920 da 1930 ce a gabansu, kuma da dama daga cikin gine-ginen na ainihi sun sauya ko sun tafi. Abin da mutumin ya bari ya zama shaida, irin wadda hoto ɗaya ba ya bayarwa, tunda ana iya zagaya ta a duba ta kowace fuska.

Jihar Kebbi ba ta da layin dogo. Reshen da Turawa suka ja daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba balle Argungu. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ma ta Katsina ya nufa. Don haka babu dalilin da zai sa saurayin Gulma ya wahalar da kansa kan tashar jirgin da ba ta cikin rayuwarsa. Abin da ke motsi a ƙasarsa daban ne: kwalekwale, amalanken shanu, raƙumi da jaki, ɗan kabu-kabu, da tirelolin da ke jigilar shanshera zuwa masana'antar WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017 ko ta Labana a Birnin Kebbi. Hanyar da ta haɗa garuruwan nan tun kafin kwalta kuwa gulbin Rima ne.

Ga kuma abin ƙerawa birjik. A ɗauki fadama ita kaɗai: kunyoyin shinkafa, injin ban ruwa da tiyonsa, bukkar mai gadi, giginya da goriba a bakin tudu, mashigin da ake sauke kaya daga jirgi. Kamanninta a watan Maris daban, a watan Satumba daban, kuma wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafar jihar ya san inda ruwa ya kai. Mai ƙera siffar fadamar garinsu da awo na gaskiya dole ya taka ta da ƙafa, ya tambayi tsofaffin manoma ta ina ruwa ke fara shigowa, ya tambayi masunta sunan kowane gurbi. Kafin ya gama ya san ƙasarsa fiye da yadda aji zai koya masa.

A ɗauki Matan Fada a Argungu, inda ake bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Gora da homa da jirgin Sarkin Ruwa duk abubuwa ne da kara da zare da 'ya'yan duma za su iya fitarwa. A ɗauki tsohon ginin ƙasa, wanda shi ne ya fi gaggawa: zaure, soro mai azara, zankwaye, rumbun laka mai hular ciyawa. Kowace damina wasu na faɗuwa, a maye su da bulo da kwano. Ba laifin masu gida ba ne, kowa na son abin da zai daɗe masa, amma idan ba a auna su yanzu ba, nan gaba sai dai a ba da labari. Sannan ga kufan Surame, birnin Sarkin Kabi Kanta na ƙarni na 16, da ganuwarsa ta dutse, wanda yawancin Kabawan yau sunansa kawai suka sani.

Akwai masu cewa a bar yaro ya yi mafarkinsa, in Dubai yake so ya gina Dubai. Maganar tana da ƙarfi. Bodys Isek Kingelez na Kwango, wanda ya rasu a 2015, da kwali da takarda da gwangwani ya gina biranen da babu su a duniya, har gidan zane na MoMA a New York ya baje aikinsa a 2018. Amma shi ma ɗaya daga cikin manyan ayyukansa sunan ƙauyensu ya ba shi, Kimbembele-Ihunga, kuma ya yi shekaru yana gyaran kayan tarihi a gidan tarihin Kinshasa, inda idonsa ya goge. Mai wannan rubutu ba ya ganin mafarki da awo suna gaba da juna. Yana ganin dai wanda ya iya fitar da rumbun gidansu daidai, shi ne zai gina birnin mafarkin da zai tsaya da ƙafarsa.

Wata tambayar ta fi wannan nauyi a ƙasar Musulmi, wato hukuncin sassaƙa siffar abu mai rai. Malamai da yawa sun hana, wasu sun yi rangwame a kan kayan wasan yara da na koyarwa. Wannan fage na malamai ne, kuma ya kamata mai ƙira ya je ya tambaya. Abin da babu saɓani a kansa ya isa aikin shekaru: gida, jirgi, gada, itace, gona, kasuwa da rumfunanta.

Abin da ya fi damun mai wannan rubutu shi ne yadda ake nuna aikin. Masu jiragen ƙasa sun saba nuna abu tun yana katako tsirara. Wannan mako mutum ya nuna ya kafa ƙafafun tebur, wata mai zuwa ya nuna gadar da ta karkace, wani ya ce masa ginshiƙinka ya yi siriri, wani ya koya masa yadda ake haɗa launin tsatsa. Shimfiɗa ɗaya kan ci shekara goma ko ashirin, kuma ba a jin kunyar hakan. A Arewa kuwa sai an gama ake ɗauka, a sa kiɗa, a jira yabo. Masu kallo su ma tambayarsu ɗaya ce: yana tashi? yana tafiya? In jirgin kwali bai tashi ba sai a ce aikin banza ne, alhali ba don ya tashi aka yi shi ba. Da masu ƙira za su riƙa nuna yadda suka jiƙa kara kafin su lanƙwasa shi, da irin yumɓun da ba ya tsagewa, da yadda ƙaro ke riƙe yashi a kan katako, da ƙanensu na Gulma ya koya daga na Jega ko na Yawuri ba tare da ya biya ko sisi ba. Yabo yana da daɗi, amma "ƙanena, tayar nan ta fi ƙarfin motar" ta fi amfani ga mai koyo.

Sai batun ajiya. Gara na cin kara, damina na narka laka, ƙannai na ɓalla abin da aka bari a tsakar gida. Shi ya sa kusan duk abin da ake gani a bidiyo ba ya kai shekara. Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda fadar sarki ce har 1942 kafin a mai da shi gidan tarihi a 1958, yana riƙe da makamai da tambura da kayan su na kakanni. Ɗaki guda a can, ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, mai tebura da rufin gilashi da maganin gara, zai sa mai ƙira ya san aikinsa na da inda za shi, ya kuma ba shi dalilin ɓata wata shida a kan abu ɗaya.

Ba sai an jira wannan ba kafin a fara. Tun farkon shekarun 1970 masu jiragen ƙasa a Amurka suka fito da tsarin da suka kira NTRAK: kowa ya gina nasa yanki a gida a kan allo mai ƙafa 2 da ƙafa 4, an riga an yarda da inda layi zai shiga da inda zai fita, ranar taro sai a jera allunan su zama shimfiɗa guda. Samarin Kabi za su iya yin haka da gulbi a madadin layin dogo. Su yarda cewa kowace mita ɗaya santimita 2 ce, wato ragi sau 50, awon da kara da laka za su iya ɗauka: ɗaki mai mita 4 ya zama santimita 8, kwalekwale mai mita 6 ya zama santimita 12. Su yarda da faɗin ruwan a bakin kowane allo. Na Gulma ya yi mashigin garinsu, na Argungu ya yi Matan Fada, na Birnin Kebbi ya yi gindin tudun Dukku, kowa ya rubuta sunan wurin da watan da ya auna shi a gefen allonsa, a haɗa su a lokacin bikin kamun kifi, inda manoma da masuntan da suka san wuraren za su zo su faɗi abin da aka manta.