Dutsen Ɗuri Sina a idon El Greco

A gidan tarihi na birnin Irakliyon, a tsibirin Kirit na ƙasar Girka, akwai wani ɗan allon katako da faɗinsa bai kai rabin mita ba. El Greco (1541–1614), ɗan tsibirin, shi ya zana shi wajen 1570, lokacin yana zaune a Italiya. Abin da ke jikinsa kuwa dutsen Ɗuri Sina ne, inda Allah Ya yi magana da Annabi Musa, tare da gidan sufayen Kirista na Sant Katrin, wanda sarkin Rum Justiniyan ya gina a ƙarni na 6.

Abin da ido ke fara cin karo da shi duwatsu uku ne, masu launin ƙonanniyar ƙasa, sun miƙe tsaye sun kusa cinye allon. Sai mai kallo ya sauke ido sannan ya ga gidan sufayen, ya lafe a gindin dutse cikin ganuwarsa. Can ƙasa kuma ga masu ziyara da raƙumansu, ƴan mitsi-mitsi kamar tururuwa a bakin rumbu. Duk wanda ya taɓa hango ayari a ƙarƙashin duwatsun Abzin ya san wannan ƙanƙanta.

Mai neman aibu ba zai rasa ba. Duwatsun Sina ba haka suke ba, a warwatse ɗaya-ɗaya kamar an dasa su. Daga hotunan bugawa na zamaninsa mai zanen ya ɗauko siffarsu, kuma hannunsa bai gama rabuwa da salon zanen cocin Girka da ya tashi a cikinsa ba. Amma a nan ne ƙarfin aikin yake. El Greco bai auna dutsen da ƙafar matafiyi ba, da fargabar zuciyarsa ya auna shi. Ginin da ya shekara dubu a tsaye kafin a zana shi, a nan bai fi ɗan akwati ba, saboda wurin ya fi ginin girma.

Wannan abin lura ne ga malaman makaranta, domin sau da yawa akan yaba zanen ɗalibi ne gwargwadon kamarsa da abin da ya kalla. Da wannan ma'auni, da El Greco ya faɗi jarrabawa. Kamata ya yi a riƙa tambayar yaro: me ka girmama, me ka ƙanƙanta, kuma don me?